Ya Haƙuri?

Kalmomin da ake ta'aziyya da su a ƙasar Hausa ba su da yawa. Yaro ɗan shekara goma da ya raka mahaifinsa gidan rasuwa zai iya dawowa da su a ka. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi a gefen tabarma, ka durƙusa ko ka zauna, ka gaisa da mutane kamar kullum, sannan ka ce, “Ashe wane lokaci ya yi?” A ce maka, “Lokaci ya yi.” Ka ce, “Ya haƙuri?” A ce, “Da godiya,” ko wani dattijo ya ce, “Haƙuri sai Ma'aiki.” Ka ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.” A amsa da amin, a ce Allah ya ba da lada. Shi ke nan. Wanda ya taso tun daga Maraɗi ya kwana a hanya, da maƙwabcin da katanga ce kaɗai ta raba shi da mamacin, abin da za su faɗa ke nan. Kafin la'asar mai amsar gaisuwa ya ji jimlolin nan har ya daina ƙirgawa, kuma amsa ɗaya ya ba kowa.

Na sha jin ana kushe wannan, musamman a bakin waɗanda boko ya saba musu da cewa kowace magana sai ta zo da sabon abu. Suna cewa zance ne na fatar baki. Ta yaya mutumin da ya binne ɗansa da hantsi zai ce “da godiya” da yamma? Godiyar me? Kuma wane irin tausayi ne ake biya shi kamar hadda, har mai faɗa yana iya yi yana satar kallon agogo? Tambayoyin suna da makama, don kowa ya taɓa ganin mai gaisuwar da bakinsa ke addu'a idonsa na kan waya. Sai dai masu tambayar sun ɗauki kalmomin a matsayin rahoto, suna auna su da ma'aunin gaskiya da ƙarya, alhali aikinsu daban ne.

Ai tun da asuba muke irin wannan magana. Wanda ciwon haƙori ya hana shi runtsawa, in ka ce masa “Ina kwana?” zai ce “Lafiya lau.” Ɗan dakon da ya sauke buhun masara a Dawanau, gumi na zuba, ka ce masa “Ina gajiya?” ya ce “Ba gajiya.” Ka shiga ɗakin majinyata ka tarar da mutum ko tashi zaune ba ya iyawa, ka ce “Ya jiki?” ya motsa leɓe ya ce “Da sauƙi.” Ba wanda zai kira ɗayansu maƙaryaci, domin mai tambaya da mai amsa duk sun san wannan wurin ba na ba da labari ba ne. Labarin yana tafe a baya, bayan an gama gaisawa an ɗan yi shiru, sai ka ji an ce, “Dama na zo ne...” ko “Sai dai fa jiya...” Abin da gaisuwar ta yi shi ne ta tabbatar da cewa na gan ka, na san matsayinka, kuma babu gaba tsakanina da kai. In kana son ka san nauyinta, dubi abin da ke faruwa ranar da aka hana ta. Aure ya sha girgiza saboda amarya ta wuce uwar miji ba ta durƙusa ba. 'Yan uwa na ciki ɗaya sun sha rabuwa, in an tambayi dalili a ce, “Ai ba sa ko gaisawa.” A fagen rasuwa kuwa abin ya fi tsanani. Mutum zai manta wanda ya zo da abin da ya faɗa, amma bayan shekara ashirin zai iya gaya maka wanda bai zo masa gaisuwar mahaifiyarsa ba.

Har mai kawo saƙon mutuwa ba ya tsallake wannan. A ce masa “Ina labari?” ya ce “Sai alheri,” alhali abin da ke bakinsa zai rushe gidan. Sau da yawa ma ba zai faɗa kai tsaye ba. Zai ce, “Jikin Baba ne ya matsa, ana son ka zo yanzu.” Wanda aka gaya wa ya gane, mai faɗa ya san ya gane, amma an ba shi tsawon hanya ya shirya zuciyarsa, kuma an tsare shi daga faɗuwa a tsakiyar kasuwa ko a kan babur.

Ita kanta mutuwar muna da sunaye da yawa da muke kewaya ta da su. Kalmar “mutu” tana nan, ana kuma amfani da ita, amma ba mai hankalin da zai tsaya a ƙofar gida ya ce wa yaro ubanka ya mutu. Ana cewa ya rasu, ko Allah ya yi masa rasuwa. Waɗanda ke gefensa a lokacin sukan ce ya cika, wato abin da aka auna masa na kwana da numfashi ya kai bakinsa, babu ragi. Ana cewa ya riga mu gidan gaskiya, daga nan kuma har abada sunansa marigayi, wanda ya riga, kalmar da ke tuna wa mai faɗarta cewa shi ma yana kan layi. Ana cewa ya kwanta dama, kuma wannan ba ado ba ne, kwatancin yadda za a ajiye shi ne a kabari, a kan gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla. In jariri ne a ce Allah ya karɓi abinsa, a yi wa iyaye addu'ar Allah ya sa mai ceto ne. In kuma aka ce “an yi mana rashi,” maganar ta bar mamacin ta koma kan waɗanda ya bari.

Wani zai ce duk wannan gudun gaskiya ne, tsoron kiran abu da sunansa. Da zan yarda da haka in da masu faɗar kalmomin suna gudun gawar. To su ne kuwa, cikin sa'o'i kaɗan, za su wanke ta da hannunsu, su ɗauke ta a kafaɗa, biyu ko uku daga cikinsu su sauka cikin ramin su karɓe ta. Ba mu da kamfanin da ake miƙa wa mamaci a dawo da shi a shirye. Harshe ne kawai ya sassauta, hannu bai ja da baya ba.

A wannan ɗan tsakanin, daga cikawa zuwa rufewa, nake ganin hikimar tsararren abu ta fi fitowa. Wanda ya rasu da asuba, da wuya ya kai azahar a waje. Wanda ya rasu cikin dare, da safe za a ji sanarwa a masallaci ko a rediyo cewa za a yi jana'iza da ƙarfe kaza a ƙofar gidansa. A cikin wannan ƙurarren lokaci kowa ya san abin yi ba tare da an zauna taro ba. Wani ya tafi sayen alawayyo, wani ya kira mai ɗinka likkafani, wani ya garzaya wurin masu haƙa, mata su ɗora ruwa a nemo ganyen magarya, samari su ɗauko makara daga masallaci, a aika wa liman. Ɗan da mahaifinsa ya cika ɗazu ba shi da hankalin tsara komai, kuma ba a nemi ya tsara ba. An riga an tsara masa tun kafin a haifi kakansa. Abin da ake so da shi kawai ya sa ƙafa inda aka saba sawa.

Sallar jana'izar kanta gajera ce ƙwarai: kabbara huɗu a tsaye, babu ruku'u babu sujada. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, sun sa ta cikin farillan da idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan jama'a duka. Ma'ana, gawar baƙon da ba a san danginsa ba ma bashi ce a wuyan unguwa. Kafin a tayar da kabbara akan ji wani ya ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane bayan an dawo. Ina son wannan sanarwa. A daidai lokacin da zukata suka yi laushi, ita tana maganar kuɗi a fili ba kunya, domin an yi imani cewa bashi yana riƙe mutum ko bayan ransa.

Kuma tsarin bai san babba ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2014, bayan shekara 50 da ɗoriya a kan karaga, kuma a ranar aka kai shi makwancinsa a Nasarawa. Taron ya fi na talaka nesa ba kusa ba, amma kabbarar huɗu ce, ƙyallen fari ne, kwanciyar ta dama ce. Kalmomin ta'aziyya ma haka suke, kamar makarar masallaci: ba ta kowa ba ce, ba a sassaƙa ta don tsawon wani ba, kuma ita ce ta ɗauki kowa a unguwar. Wanda baƙin ciki ya ƙulle wa harshe ba sai ya ƙago magana ba. Wanda bai iya zance ba, ko wanda tsakaninsa da mamacin akwai tsohuwar ƙura, shi ma ya sami abin faɗa da ba zai yi ɓaranɓarama a cikinsa ba. Duk wanda ya taɓa jin wani ya kauce wa hanyar ya fara tambayar wane ciwo ne, wane asibiti aka kai shi, me ya sa ba a kai shi da wuri ba, ya san irin ɓarnar da sabuwar magana ke iya yi a wannan wuri.

Daga nan sai zaman makoki, kwana uku. Maza a waje, an kafa rumfa an shimfiɗa tabarmi, ga butoci ga carbi. Mata a cikin gida, inda aka yarda hawaye ya zuba, ko da yake ba a rasa tsohuwar da za ta ce, “Ki yi haƙuri 'yar nan, addu'a yake so, ba kuka ba.” Abin da na fi daraja a zaman nan shi ne shirun da ke biyo bayan gaisuwa. Ka faɗi naka, an amsa, sai ka koma gefe ka zauna, ba wanda ke jiran ka ƙara komai. Bayan jimawa sai ka ji hira ta ɓalle a wani ɓangaren tabarmar, ana zancen damina, tsadar taki, wanda zai tsaya takara. Akwai masu ganin wannan rashin ta-ido ne. Ni ina ganin yana cikin aikin. Mai makoki yana jin duniya na ci gaba da motsi a gefensa, a hankali, ba tare da an tilasta masa shiga ba, kuma in ya ga dama ya tsoma baki sau ɗaya ya koma shirunsa.

Abinci kuwa asalinsa daga maƙwabta yake fitowa. Malamai suna kafa hujja da abin da ya faru lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Har gobe a unguwanni da yawa za ka ga kwanuka da kuloli na shiga gidan rasuwa daga kowace kusurwa. Amma a wasu gidajen abin ya juye: masu rashin ne ke sayen buhun shinkafa, su ɗauko masu girki, su ciyar da taron da ya zo yi musu jaje.

A nan ne gardama take, kuma gardama ce a kan suna. Abu ɗaya ne ake yi, wani ya kira shi sadaka, wani ya kira shi al'ada, wani ya kira shi bidi'a, kuma sunan da aka laƙaba masa shi ne hukuncinsa. Ana sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, wasu har ta shekara. A tara malamai su raba izu sittin a tsakaninsu su sauke Alƙur'ani, a yi addu'a, a raba gumba da waina da goro da 'yan kuɗi. Sukar irin wannan ba yau ta fara ba. Tun kafin jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Ihya'us Sunna, inda yake bin babi-babi yana bayyana abin da yake sunna da abin da mutane suka ƙara, kuma jana'iza na cikin babukan. A ƙarnin da ya wuce Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya kai irin wannan suka kunnen miliyoyi ta tafsirinsa a rediyon Kaduna, sannan ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris ta mai da ita wa'azin kowane lungu. Hujjarsu ita ce ware waɗannan ranaku bai zo daga Annabi ba, kuma sau da yawa dukiyar marayu ake ci kafin a raba gado. Malaman ɗariƙa su amsa cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, sa rana kuwa dabara ce kawai don jama'a su san lokacin haɗuwa.

Hukunci na malamai ne, ni mai kallo ne. Abin da na gani shi ne a kan tabarma ɗaya kana iya gane inda kowa ya karkata. Wani zai zauna ya ce, “Salati goma ga Annabi, Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya,” a yi, ya ce “Fatiha,” a shafa. Wani zai yi gajeriyar addu'ar neman gafara, hannunsa na kan gwiwa, ya miƙe. Amma dukansu sun zo, dukansu sun tuɓe takalmi, dukansu sun ce ya haƙuri. Kuma sabon salon da aka kawo don a rage ƙari, bai daɗe ba shi ma ya zama salo mai nasa kafaffun kalmomi da nasa lokacin tashi, har yaran da suka taso a cikinsa suna yin sa ba tare da tunanin cewa an taɓa yin wani iri ba. Mutum ba ya iya tunkarar mutuwa hannu Rabbana. In ka karɓe masa wani tsari, zai kama wani.

A kan batun kuɗi ina tare da masu sukar ba tare da wata-wata ba. Na ga gidan da aka ci bashi don kada a ce ba su yi arba'in ɗin ubansu ba, yaran kuwa an koro su daga makaranta a zangon. Wannan ba girmama mamaci ba ne, tsoron bakin mutane ne. Amma akwai wani aiki da ranakun nan ke yi wanda ban ga an cika yin maganarsa ba. Suna dawo da dangi ƙofar gidan bayan taro ya watse. Ranar bakwai an sake leƙowa. Ranar arba'in, lokacin da kowa ya koma harkarsa kuma kaɗaici ya fara cin na cikin gida da gaske, ƙanen mamaci da ke Legas dole ya sake hawa mota, ya ga halin da yaran ke ciki da idonsa. Inda aka soke ranakun, an sauke wa talaka nauyi, wannan gaskiya ne. Sai dai a wurare da yawa ba a sa komai a gurbinsu ba, kuma ziyarar da ba ta da rana, mun san yadda take ƙarewa: gobe, jibi, bayan salla.

Shekarar 2020 ta nuna wa Kano yadda abin yake in an cire shi gaba ɗaya. A watan Afrilu aka rufe gari saboda korona, a daidai lokacin kuma mace-mace suka yi yawa, musamman na dattawa, har masu haƙa a maƙabartu irin ta Ɗandolo suka riƙa cewa ba su saba ganin haka ba. An binne manyan mutane da tsirarun jama'a. Dangi na wasu garuruwa ba su sami hanya ba. Aka koma waya. Kalmomin ba su canza ba ko ɗaya, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, amma waɗanda suka yi rashi a lokacin sukan ce abin bai zauna musu ba, kamar ba a gama ba. Wasu sai da aka buɗe hanya suka bi gidaje suna gaisuwar da ta wuce da watanni, kuma aka karɓe su kamar jiya aka yi rasuwar.

Wannan ya isa ya nuna cewa ma'anar ba a cikin haruffan take ita kaɗai ba. Rabinta tana cikin kuɗin motar da ka kashe, da shagon da ka rufe, da ranar da ta dake ka, da gwiwar da ka kai ƙasa. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Yau da sanarwar rasuwa ta fita a Facebook, cikin sa'a ɗaya za ka ga ɗaruruwan “Allah ya jiƙansa,” wasu an taƙaita su zuwa haruffa, wasu kuma a WhatsApp hoto ne kawai da aka tanada, a danna a wuce. Ba na raina wannan. Addu'a addu'a ce, kuma ga wanda ke Jidda ko Kumasi ko Landan, waya rahama ce da kakanninmu ba su samu ba, su da wasiƙar ta'aziyya kan iso bayan an yi arba'in. Amma saurari yadda tsofaffi ke lissafi bayan kwana uku. Za ka ji an ce, “Wane ya zo, wane ya aiko ɗansa, wane ya bugo waya.” Matakai uku ne, kuma kowa ya san wanda ke sama. Wanda ya yi rubutu a intanet yana gari ɗaya da gidan rasuwar, shi ba ya ma cikin lissafin.

Zuwa da ƙafa ma ba shi ke nan ba. Akwai ta'aziyyar manya, wadda ake yi da jerin gwanon motoci da jiniya da masu ɗaukar hoto. A tashi talakawan da ke kan tabarma, a shigo da kujeru, masu makoki su miƙe tsaye su tarbi baƙo, su yi masa godiya a lasifika, kafin magariba hoton ya zaga gari da bayanin cewa mai girma wane ya kai ziyarar ta'aziyya. Kalmomin su ne dai, ƙafar ma ta zo, amma an juya akalar: wanda aka yi wa rashi shi ke hidima, baƙo shi ake kallo. Duk da haka ba zan ce a daina ba. Na ga abokan hamayyar da suka yi shekaru suna zagin juna a rediyo, rasuwa ta tilasta musu haɗa kafaɗa a sahu ɗaya, suka yi musabaha don ba yadda za su yi. Wani sulhun daga irin wannan musabahar ta dole yake farawa. Tsarin yana iya sa mutum ya aikata abin da ya fi zuciyarsa kyau, wani lokaci kuma zuciyar ta biyo baya.

Inda nake ganin mun gaza shi ne bayan an naɗe tabarmi. Namiji kwana uku ne nasa, ranar ta huɗu yana kasuwa, in an haɗu da shi a ce, “Ya ƙarin haƙuri?” ya ce da godiya, a shiga ciniki. Matar mamaci kuwa yanzu ta fara. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da larura. Makon farko ɗakinta cike yake, wata na biyu sai ita da yaranta da wata gwaggo in an yi dace. A cikin waɗannan watanni ne ake zaman rabon gado, inda kalmomi masu laushi ke ƙarewa a koma lissafin tumuni da gonaki, a nan ne kuma mai gidan haya ke fara aiko yaro.

Cikin addu'o'in da aka yi a ƙofar gidan akwai wadda kusan kowa ya faɗa: “Allah ya raya abin da ya bari,” ko “Allah ya albarkaci bayansa.” A da, wannan magana tana da gida a ƙarƙashinta. Ana zaune a babban gida, ana noma gandu ɗaya, rumbu ɗaya ake ɗiba. In mutum ya faɗi, wansa ko ƙanensa ya san 'ya'yan sun zama nasa ba sai an gaya masa ba, wani lokaci ma bayan an fita takaba a ɗaura masa aure da uwarsu don kada yaran su watse. Mai cewa Allah ya raya su, shi ne zai auna musu hatsi gobe. Tsarin yana da nasa zalunci, don ba kullum ake tambayar matar ra'ayinta ba, kuma ba kowane baffa ne mai amana ba. Amma addu'ar tana da wanda ta ɗaure.

Yanzu mamacin ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ke haya a ciki da falo a bayan gari, 'yan uwansa kowa na fama da nasa kuɗin makarantar. Mutum ɗari biyar za su ce Allah ya raya abin da ya bari, da zuciya ɗaya kuwa, su tashi su sa takalmansu. Wasu unguwanni da masallatai sun fara kafa asusun marayu, wasu ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata suna yin karo-karo in ɗayansu ya rasu, amma wannan ya dogara da sa'ar inda mutum ya zauna da irin mutanen da ya yi hulɗa da su. Bai kai matsayin da ɗauko makara ya kai ba, abin da ba a roƙon kowa, kuma wanda ya ƙi yi zai ji kunyar fitowa masallaci. Mun san wanda zai sayo alawayyo, mun san wanda zai shiga kabari, mun san gidan da zai aiko tuwon dare na farko. Wanda zai biya kuɗin jarrabawar babbar 'yar a watan da uwarta ke fita takaba, shi ne har yanzu ba a sa wa kowa ba.